Sanarwar ma'aikata ta intanet: sunan wa zai shiga kwamfuta a Tasawa da Mayahi?

Duk bayan wata uku akwai nauyin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata a Nijar: ya jera sunayen waɗanda ke yi masa aiki, ya faɗi albashin kowane ɗaya, ya miƙa wa asusun CNSS tare da kuɗin da suka hau kansa. Wanda ma'aikatansa suka kai 20 kuwa, kowane wata zai yi. Tun da aka kafa asusun a 1965, da takarda da biro aka saba wannan aiki, sai kuɗin mota da bin layi a bakin taga. Ga ɗan kasuwar Tasawa, zuwa babban ofishin jaha a Maradi tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuma wanda ya taso daga Sarkin Hausa ko wani ƙauye na gundumar Mayahi ya san wuninsa ya tafi ke nan, in ma an dace takardun sun cika.

Yanzu takardun gwamnati suna ta komawa kan intanet. Ma'aikatar haraji ta DGI ce ta yi gaba, da shafinta na e-SISIC inda kamfanoni ke shigar da bayanan harajinsu, sannan ta biyo da tsarin SECeF na rasidin da na'ura ke tantancewa. A wasu ƙasashen Afirka asusun ma'aikata ya daɗe da bin wannan hanya: Maroko ta buɗe shafinta na Damancom tun 2003, Kodebuwa na da e-CNPS, Senegal na da Ndamli. Hanyar da haraji ya bi, ita sauran takardun ƙwadago za su bi, wannan ba abin musu ba ne. Abin dubawa shi ne wa zai amfana a garuruwa irin namu, kuma wa za a ƙara bari a baya.

Mu fara da kuɗin, domin a nan maganar take tsayawa a shago. A kan kowane albashi, mai gida yana zuba kashi 16.4 cikin 100 daga aljihunsa: 8.4 na tallafin iyali, 1.75 na haɗarin aiki, 6.25 na fansho. Ma'aikaci kuma ana cire masa kashi 5.25. Tun farkon 2024 albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga sefa 30,047, inda ya tsaya tun 2012, ya koma jika 42. In aka yi lissafi a kan jika 42 ɗin, rabon mai gida sefa 6,888 ne a wata, na ma'aikaci 2,205. Mai gidan burodi da ke da mutum biyar zai kai wa asusun sefa 136,395 duk wata uku, kuma 103,320 daga ciki nasa ne. Ga kamfanin siminti ko na wayar salula wannan ba komai ba ne. Ga mai lekwal mai zaman kanta a Mayahi, wanda iyayen yara ke biyan shi sai bayan kaka in gero da wake sun yi kyau, kuɗi ne da ake kwana ana tunaninsu.

Sai dai abin da kuɗin ke saya ma ba ƙarami ba ne. Magini da ya faɗo daga kan bene, ko yaron injin niƙa da bel ya kama wa hannu, in sunansa yana cikin jerin, asusun ne zai ɗauki maganinsa, ya kuma biya shi diyya in ya nakasa. In babu sunan, sai abin da mai gida ya ga dama, sai kuma gudummawar dangi. Malamar makaranta da ta haihu doka ta ba ta hutun mako 14, kuma asusun yana da hannu a kuɗin da za ta rayu da su a lokacin. Wanda ya kai shekara 60, watannin da aka zuba masa ake ƙirgawa kafin a ce ya cancanci fansho. Ba a tambayar shekara nawa ya yi yana tashi da asuba. Abin da aka rubuta kawai ake dubawa.

To su wa ke cikin wannan jeri a ƙasar Tasawa da Mayahi? Ba su da yawa. Ma'aikatan bankuna da asusun bashi na ƙananan ƴan kasuwa, na ƙungiyoyin agaji, wasu daga cikin na gidajen mai da farmasi da makarantu masu zaman kansu, sai ma'aikatan da kwamin ke ɗauka. Binciken da ake yi kan aikin yi a Nijar yana nuna kusan tara cikin goma na masu aiki ba su cikin kowane rajista. A kasuwa ba a cewa "ma'aikacina", ana cewa "yarona". Yaron shago yana ci a gidan ubangidansa, ana yi masa ɗinkin salla, in ya isa aure a yi masa, in ya nuna amana a yanka masa jari ya buɗe nasa. Wannan tsari ya rufa wa dubban mutane asiri, kuma wanda ya raina shi bai san kasuwa ba. Amma yana da rami guda: ya rataya ne a kan ran mutum ɗaya da arzikinsa. Ranar da ubangida ya rasu aka raba gado, ko kasuwa ta juya masa baya, yaron da ya yi shekara 20 a bakin shago zai fita da rigar jikinsa. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ba ta san kalmar "yaro" ba. Duk wanda ke aiki a ƙarƙashin umarnin wani ana biyan shi, ma'aikaci ne a wurinta.

A nan ne intanet ke da fuska biyu. Ga wanda ya riga ya yi rajista, sauƙi ne na gaske: babu kuɗin mota, babu wunin da aka rufe shago, babu takardar da ta ɓace a cikin kabad. Ga wanda bai yi ba, ƙofar na iya ƙara ƙunci. Ma'aikacin da ke bakin taga mutum ne. Yana iya karɓar takardar da ba ta cika ba ya ce a kawo sauran mako mai zuwa. Kwamfuta ba ta san haka ba. Gurbin da ba a cika ba, ba za ta wuce shi ba. Tana son lambar mai gida, tana son lambar kowane ma'aikaci, kuma ma'aikaci ba ya samun lamba sai da takardar haihuwa. Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Gulbin Kaba ya san yawan magidantan da ba su da ita, ko suke da ta hukuncin kotu mai cewa an haife su "wajajen" shekara kaza. Ga kuma rikicin rubutun suna: mutum ɗaya ya zama Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, Mahaman a ta uku. A idon na'ura mutum uku ke nan, kuma watannin da aka zuba za su iya rabuwa gida uku.

Akwai kuma batun albashin gaskiya. Ba a lissafin kuɗin asusun a ƙasa da albashi mafi ƙanƙanta. Mai makarantar da ke biyan mai gadi jika 25, ranar da ya zauna gaban kwamfuta zaɓi uku ke gare shi: ya rubuta jika 42 ya biya a kansu, ya ƙara wa mutumin albashi yadda doka ta ce, ko ya share sunan gaba ɗaya. Ba sai an yi duba ba kafin a san wanda mafi yawa za su zaɓa, muddin babu mai zuwa ya ƙirga kawuna. Sufetocin ƙwadago kuwa a manyan birane suke zaune, kuma ƙasar da aka ba su ta fi ƙarfin ƙafafunsu.

Maganar kuran da rezo ba sai an tsawaita ba, kowa ya ɗanɗana. Wutar jahar Maradi daga Katsina take shigowa ta layin Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta, ba ta dawo ba sai bayan an ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024. Tsarin da ke cin tarar wanda ya makara, ya kamata ya san cewa akwai ranakun da mai gida a shirye yake, na'urar ce ba ta da wuta. Izinin da aka bai wa Starlink ya taimaki wasu ofisoshi, amma kuɗinsa ba na mai shagon ɗinki ba ne.

Abin da zai biyo baya ana iya hango shi, domin an gan shi a kan rajistar jarrabawa da neman aiki: ƴan siber za su zama sabbin marubutan takardu, irin waɗanda a da ke zama da teburi a ƙofar gidan waya. Wannan ba laifi ba ne, aikin yi ne ga samari masu ilimi. Haɗarin shi ne mai gida ya bar lambobinsa na sirri da jerin albashin mutanensa a hannun wanda bai da wani alhaki a gaban doka. In yaron siber ya yi kuskuren sifiri ɗaya, mai gida za a ci tara. Ga kuma harshe: shafukan da faransanci suke, alhali alhazan da suka fi kowa yawan yara a kasuwa da Hausa da ajami suke lissafinsu, kuma ba su taɓa yin kuskuren dala ɗaya ba.

Amma duk waɗannan matsalolin mai gida ne. Babbar cutar da tsohon tsari ya ɓoye ta ma'aikaci ce, wato a cire masa kashi 5.25 duk wata, a rubuta a takardar albashinsa, kuɗin kuma ba su isa asusun ba. Mutum ba ya ganewa sai ranar da ya haɗa takardun ritaya, aka buɗe kundinsa aka ga shekaru a wofi, lokacin kuwa wataƙila kamfanin ya rufe, ko ɗan kwangilar ya bar gari. A ganina, a nan ne za a auna ko komawa intanet ya yi amfani. In mai gida kaɗai ke da ƙofar shiga, an sauƙaƙa wa asusun karɓar kuɗi ne kawai. In ma'aikaci ma yana iya duba wayarsa ya ga cewa an zuba masa na watan jiya, to kowane ma'aikaci ya zama sufeton kansa, ba tare da gwamnati ta sayi mota ko ɗaya ba. Ba sai an je nesa neman misali ba. A Katsina da Kano, tun bayan dokar fansho ta 2004 da aka sabunta a 2014, ma'aikacin da ke cikin tsarin yana da asusu da lambarsa, kuma kamfanin da ke riƙe da kuɗin yana sanar da shi abin da ya shiga. Hakan bai hana wasu iyayen gida riƙe kuɗin ba, amma ma'aikaci yana sani da wuri, tun ana iya bin sawu. A nan gida, mutanen da suka saba karɓar saƙon Nita da Amana a waya ba za su kasa karanta saƙon da ke cewa an zuba masu sefa 9,093 ba.

Akwai wata igiya da ke hannun gwamnati tun tuni. Ɗan kwangilar da ke neman aikin gina aji ko rijiya sai ya kawo takardar shaidar cewa ba ya da bashin haraji, da ta CNSS da sufeton ƙwadago. Dabarar da aka sani ita ce a yi wa mutum biyu ko uku rajista, galibi direba da mai lissafi, a samu takardar, sannan a kwashi leburori 30 zuwa wurin gini. In bayanan haraji da na asusun da na kwangila suna magana da juna a kwamfuta, kamfanin da ya ci aikin miliyoyi da ma'aikata uku zai fito fili da kansa. Kananan hukumomi ma ya kamata su fara da gidansu. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun kwamin, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da su, kuma su ne iyayen gidan masu shara da masu karɓar kuɗin kasuwa da direbobi. Kantoman da bai zuba wa nasa ma'aikatan ba, da wane baki zai tambayi mai gidan mai?

Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, a shawararta mai lamba 204 ta 2015, ta nemi ƙasashe su jawo masu aikin da ba rajista cikin tsari ta hanyar sauƙaƙa masu shiga, ba da tara kaɗai ba. A Tasawa da Mayahi sauƙin yana da kamanni sanannu: ma'aikacin asusun ya zo da kwamfutarsa ranar kasuwa ya zauna a ofishin kwamin, a haɗa rajistar ma'aikata da zaman kotun tafi-da-gidanka da ke bayar da takardun haihuwa, a kuma yarda a biya ta waya kamar yadda ake tura kuɗin cefane. Sannan a samo gurbi a cikin shafin ga aikin da ke da lokaci. Mai sayen aya da riɗi yana ɗaukar mutum 15 daga Oktoba zuwa Janairu, sauran watanni shi da ɗansa ne a rumbu, kuma da yawa daga cikin mutanen nan 15 suna hanyar Kano ko Agadas cin rani kafin wa'adin wata ukun ya cika.