A Bar Yara Su Yi Zanensu a Ƙasa

A Italiya akwai wani ƙauye, Grazie di Curtatone, inda tun 1973 masu zane ke haɗuwa a tsakiyar watan Agusta, su kwana suna zana hotuna da alli a kan dandali, alhali sun san ruwan sama zai share. Mutane na tasowa daga nesa don kallo. Mu kuwa nan Gummi da Anka da Bukkuyum, yaro ya ɗauki gawayi ya zana babur a bangon zaure, ladansa ranƙwashi.

Ban ga dalilin fushin ba, don mun fi kowa sanin aikin da ake yi domin a goge. Almajiri ya rubuta allonsa da tawadar gawayi da ƙaro, ya biya, ya haddace, ya wanke da hannunsa, ba mai cewa an yi asara. Amarya ta wuni a zaune ana yi mata ƙunshi, kafin wata ya zagayo ya koɗe. 'Yan mata su ja layin 'yar gala-gala da tsinke a ƙofar gida, da yamma shanu su dawo kiwo su tattake. Yaron da ya san zanensa ba zai kwana ba, ba ya tsoron kuskure: ya shafe da tafin ƙafa, ya sake, tayar babur ɗin ta fi ta ɗazu zagaye. Ga shi ba a sayi takarda ba, balle fensir.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne ƙasar da yaran suke durƙusawa a kai. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta da Abare na Anka, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu, yawancinsu ba su kai shekara biyar ba, masu hannu a ƙasa, hannu a baki. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma ba a kai gare shi ba sai 2013. Dalma ba ta bin ruwan damina ta tafi.

Har yau ana haƙar zinariya a yankin. Magidancin da ke tsawata wa ɗansa kan gawayi a bango, wataƙila shi ne ya shigo jiya da buhun dutse, ya kaɗe rigar aikinsa a gindin murhu.