Kafin a ce ƙwaƙwalwar mota ta ƙone

Jama'a, masu tsofaffin motocin Beljiyam, ina da magana kan kurus, na'urar nan da ke riƙe wa mota gudu ba sai ka taka totur ba.

Da ya daina aiki, abin da za ka fara ji a gareji shi ne "ƙwaƙwalwar ce ta ƙone." Ni dai ban yarda a fara daga nan ba. Fis fa? Naɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari fa, wadda in ta tsinke har hon yakan ɗauke?

Amma wanda ya fi damuna shi ne ɗan makunnin da ke saman burki. Shi ke gaya wa kurus cewa ka taka, ya saki. In ya lalace, motar da kanta take ƙin karɓar kurus don ta kare ka. Sai wani rewaya ya haɗe wayoyin, kurus ya dawo, a biya shi ana murna. To ranar da tirela ta tsaya gabanka a hanyar Zariya, kana taka burki inji na ja, wa za ka kira?

Makunnin kashe kurus ne fa ya sa Ford ta janye miliyoyin motoci a Amurka tsakanin 1999 da 2009, saboda yana tayar da gobara.

In kuɗin sabon makunni bai samu ba, a bar kurus a kashe. Sannan ka taka burki, wani ya tsaya baya ya duba ko fitilun na kamawa.