Gwanjon intanet: Me ke sa tsoffin ƙananan motoci tsada?

A farkon shekarar 2022 an yi gwanjon wata 'yar ƙaramar mota mai ƙafa uku a wani shafin intanet na Birtaniya mai suna Car & Classic, inda aka sallama ta a kan fam 111,000.

Motar, wadda ake kira Peel P50, tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba. Kujerarta ɗaya, ƙofarta ɗaya, fitilar gabanta ma ɗaya. Ba ta da giyar komawa baya, saboda haka in direba na son juyawa sai ya fito ya kama wani mariƙi da ke bayanta ya ja ta da hannu. Lokacin da aka ƙera ta a tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ailan, a farkon shekarun 1960, fam 199 ne kuɗinta.

Irin wannan labari kan bazu cikin sauri, kuma yakan sa duk wanda ke da wata tsohuwar mota jibge a bayan gida ya fara lissafi. To sai dai kafin a kai ga lissafi, akwai buƙatar a san abin da masu wannan ciniki ke saye a zahiri, da kuma rawar da intanet ta taka a ciki.

Motocin da talauci ya haifa

Abin mamaki game da waɗannan motoci shi ne, don marasa ƙarfi aka yi su tun asali.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashen Turai sun kasance cikin ƙarancin ƙarfe da man fetur da kuɗi. A Faransa kamfanin Citroën ya fito da 2CV a 1948, da nufin raba manomi da keken doki. A Italiya an fito da Fiat 500 a 1957. A Jamus kuwa kamfanin Messerschmitt, wanda ya ƙera jiragen yaƙi kuma aka hana shi ƙera jirgi bayan yaƙin, ya koma haɗa wasu 'yan motoci masu kama da kan jirgin sama, yayin da BMW ya jingina da Isetta, motar da ƙofarta ɗaya tilo ke buɗewa ta gaba, tare da sitiyarin a jikinta. An ƙera sama da 160,000 daga cikinta tsakanin 1955 da 1962.

Ita kuwa Mini ta Birtaniya, siyasar Gabas ta Tsakiya ce ta yi sanadin haihuwarta. Bayan da shugaba Gamal Abdel Nasser na Masar ya mayar da mashigin ruwan Suez hannun gwamnatinsa a 1956, kuma Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari, sai man fetur ya yi ƙaranci har aka koma rabon sa da kati a Birtaniya. Wannan ya sa aka ɗora wa injiniya Alec Issigonis aikin zana mota marar shan mai da za ta ɗauki mutum huɗu. Ta fito kasuwa a 1959 a kan kuɗin da bai kai fam 500 ba, kuma kafin a daina ƙera ta a watan Oktoban 2000 an yi sama da miliyan biyar.

Da tattalin arziki ya farfaɗo, jama'a sun koma manyan motoci. Da dama daga cikin ƙananan tsatsa ta cinye su, wasu kuma aka narkar. Wannan asarar ce ta zama jarin waɗanda suka rage.

Abin da intanet ta sauya

A da, wanda ke son sayar da irin wannan mota hanyoyi biyu gare shi. Ko ya sa talla a bayan wata mujalla ya jira waya, ko kuma ya kai ta ɗaya daga cikin manyan gidajen gwanjo irin su Bonhams da RM, ya biya kuɗin ɗauko ta da la'ada mai nauyi. Su kuma waɗannan gidaje sun fi mayar da hankali ga Ferrari da Bugatti, domin a nan riba take.

Shafin eBay ya buɗe sashen motoci a shekarar 2000, amma babban sauyin ya zo ne daga wani shafi na birnin San Francisco mai suna Bring a Trailer. An kafa shi a 2007 a matsayin wurin nuna tallace-tallacen motoci masu ban sha'awa, ya kuma fara gwanjo na kansa a 2014.

Tsarin nasa mai sauƙi ne. Mai mota kan biya dala 99, ya sa hotuna masu yawa, wani lokaci ɗaruruwa, har da na ƙarƙashin mota da na takardu. Gwanjo kan ɗauki kwana bakwai. Wanda ya yi nasara kan biya shafin la'adar kashi biyar cikin ɗari, wadda ke da iyakar da ba ta wucewa. In wani ya yi tayi a cikin mintoci biyun ƙarshe, sai a ƙara lokaci, ta yadda babu mai iya laɓewa ya wafce mota a daƙiƙar ƙarshe. Mai mota na iya sa farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, wato dai "albarka" irin ta kasuwa, sai dai a nan kwamfuta ce ke faɗa masa ita.

Wani abin lura kuma shi ne, kowa na iya yin magana a ƙarƙashin motar da ake gwanjonta. Akwai waɗanda suka shafe shekaru talatin suna kwance injin Fiat 500 suna ɗaurawa, kuma daga hoto kaɗai za su iya gane cewa madubin gefe ko launin kujera bai dace da shekarar da aka ce an ƙera motar ba. Aikin da a da dillali ɗaya ke yi, kuma yake iya rufe aibin haja, yanzu taron jama'a ke yin sa a fili.

Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa wannan kasuwa ƙarfi. An rufe zaurukan gwanjo, mutane na zaune a gida, kuɗin ruwa a bankunan Amurka ya sauka kusan sifili. A shekarar ce kamfanin Hearst ya sayi Bring a Trailer, aka kuma buɗe wani shafin mai suna Cars & Bids. A 2021 gidan Bonhams, mai tarihin fiye da shekaru 200, ya sayi shafin The Market na Birtaniya. Cinikin Bring a Trailer ya haura dala miliyan 800 a 2021, ya kuma zarce dala biliyan ɗaya da miliyan 300 a 2022.

Ƙananan motoci na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi. Motar da ba ta isa a ba ta shafi a littafin babban gidan gwanjo ba, yanzu tana gaban dubban masu sha'awa a ƙasashe daban-daban. Bugu da ƙari, kowane ciniki na nan a rubuce, kowa na iya duba nawa aka sayar da irinta a watan jiya.

Ba kowace tsohuwa ke da daraja ba

A nan ne masu lissafi ke yin kuskure. Peel P50 ta kai wannan farashi ne saboda kimanin 50 kacal aka ƙera, kuma waɗanda suka rage ba su kai 30 ba. Sunanta na cikin kundin bajinta na Guinness a matsayin mota mafi ƙanƙanta da aka taɓa ƙerawa don sayarwa, sannan ta ƙara yin suna a 2007 lokacin da Jeremy Clarkson ya tuƙa ta cikin ofisoshin BBC a shirin Top Gear.

Ko ita ɗin ma, idan aka jera alƙaluman, darasin ya sha bamban da abin da kanun labarai ke nunawa. A watan Fabrairun 2013, lokacin da attajiri Bruce Weiner ya yi gwanjon ƙananan motoci kimanin 200 da ya tara a jihar Georgia ta Amurka, aka kuma tashi da sama da dala miliyan tara, an sayar da wata P50 a kan kusan dala 120,000. A 2016 wata ta kai dala 176,000 a jihar Florida. Fam 111,000 na 2022 kuwa bai kai wannan ba idan aka canza shi zuwa dala. Motocin ba ɗaya ba ne, kuma lafiyarsu ta bambanta, amma duk da haka a bayyane yake cewa farashin ba kullum yake hawa ba.

Ga motocin da aka ƙera miliyoyinsu, abin da ke raba mai tsada da mai araha shi ne asali da takardu. Mini Cooper S, irin wadda ta lashe tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, ta ninka Mini ta gama-gari daraja sau da yawa, alhali a ido kusan ɗaya suke. Wannan ya sa an daɗe ana ɗaukar ta gama-gari a sauya mata inji da tambari a sayar da sunan Cooper S. Don haka masu saye ke neman takardar shaida daga ma'ajiyar tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon, wadda ke nuna ranar da mota ta fito daga masana'anta da lambobinta da launinta na asali.

Har ila yau akwai wani kamfani a Ingila da ke buga sabon jikin Mini da kayan aikin asali. Idan aka sauya wa mota jiki, aka sauya inji, aka sauya kujeru, abin da ya rage na 1965 shi ne ɗan guntun ƙarfen da aka buga lamba a kansa. Masu sha'awar motoci na ta muhawara a kan ko wannan motar ce ko wata, kuma hoto a intanet ba ya warware wannan gardama. Hoto ba ya kuma nuna tsatsar da aka lulluɓe da fenti, ko ya sanar da mai saye cewa wanda ke ta ƙara tayi abokin mai motar ne, abin da dokokin shafukan suka haramta amma yake da wuyar ganowa.

Sai kuma batun gyara. Sa'o'in da mai walda zai ɓata a kan ruɓaɓɓiyar Fiat 500 ba su da bambanci sosai da waɗanda zai ɓata a kan motar da ta ninka ta daraja sau goma, kuma ladan aikin hannu a Turai da Amurka na da tsada. Sanannen abu ne a tsakanin masu wannan sha'awa cewa wanda ya gyara ƙaramar mota tun daga tushe da wuya ya mayar da kuɗinsa. Wanda ya saya daga hannunsa ne ke cin riba.

Doka da shekaru

Gwamnatoci ma na da hannu a farashin, ko da ba da niyya ba. A Birtaniya motar da ta haura shekaru 40 ba ta biyan harajin hanya, kuma an ɗauke mata kuɗin gurɓata iska na fam 12.50 a kullum da aka faɗaɗa zuwa dukkan birnin Landan a watan Agustan 2023. A Amurka kuwa doka ta ba da damar shigo da motar da ba ta cika ƙa'idojin ƙasar ba idan ta kai shekaru 25. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga ƙananan motocin Japan na farkon shekarun 1990, irin su Honda Beat da Suzuki Cappuccino da Autozam AZ-1, waɗanda ba a taɓa sayarwa a Amurka ba suna sababbi.

Waɗannan motoci na Japan na nuni da wani abu da ya kamata mai niyyar zuba jari ya yi la'akari da shi. Mutum kan sayi motar da ya yi sha'awa yana yaro, a lokacin da aljihunsa ya yi nauyi. Waɗanda suka tashi da Isetta da Messerschmitt a titunan garinsu yanzu sun haura shekaru saba'in, da yawansu kuma sayarwa suke yi. 'Yan shekaru arba'in na yau a wasannin kwamfuta na Japan suka fara ganin motar mafarkinsu. Bisa ga dukkan alamu kuɗin zai bi su ne.

Kasuwar ma ta lafa bayan zafin da ta yi a 2022. Babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na shekarar, har ya haura kashi biyar cikin ɗari a 2023. Mota kuwa ba ta haihuwa a gareji, sai ma cin kuɗin inshora da ajiya da gyara da take yi. Yawan motocin da ake kawowa gwanjo ya ci gaba da ƙaruwa, amma masu saye sun ƙara tsantseni, musamman a kan motocin da ba su da wani abu na daban.

Ina makomar Bitil?

Ga mai karatu a Najeriya, motar da wannan batu zai tuna masa ita ce Volkswagen Beetle, wato Bitil. An fara haɗa ta a masana'antar Ojo da ke Legas a 1975, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya ba malaman makaranta da akawu-akawu damar mallakar mota.

Gaskiyar magana ita ce, Bitil ta Legas ta fito ne a zamanin yalwa. Tun a watan Fabrairun 1972 motar ta karya tarihin Ford Model T na yawan ƙira, kuma zuwa ranar 30 ga Yulin 2003, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meksiko, an ƙera fiye da miliyan 21 da rabi. Waɗanda masu tara motoci ke rububi su ne na farko-farko ƙirar Jamus, masu gilashin baya rabe biyu da aka daina yi a 1953, da masu gilashin baya mai siffar ƙwai da suka biyo bayansu har zuwa 1957. Na shekarun 1970 suna da yawa a Turai da Amurka da Brazil, kuma idan aka haɗa kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na gyara, zai yi wuya ta Legas ta yi gogayya da su.

Abu ɗaya da ke gefen motocin arewa shi ne yanayi. Masu saye a Amurka kan ƙara kuɗi a kan motar da ta yi rayuwarta a busassun jihohi irin su Arizona, inda ba a zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, kuma iskar Kano da Sakkwato ba ta cin ƙarfe kamar ta bakin teku. Sai dai kuma mafi yawan waɗannan motoci sun yi aiki har ƙarfinsu ya ƙare, an sauya masu inji fiye da sau ɗaya, takardun asali sun ɓace, sauran kuma 'yan gwangwan sun auna su a sikeli.

Wadda ta fi Bitil zama baƙuwa a idon masu tara motocin Volkswagen ita ce Igala, wato samfurin Brasília na Brazil da aka riƙa haɗawa a Legas da sunan wata ƙabila ta Najeriya. Babu wata ƙasa da aka sayar da ita da wannan suna, kuma a yau da wuya a ga ko guda a kan titi.