Sharhi: Idan baƙar mace ta ce tana jin ciwo, a saurare ta

Daga ranar 11 zuwa 17 ga watan Afrilu na kowace shekara, ƙungiyoyin mata a Amurka suna gudanar da makon lafiyar uwaye baƙar fata. Ƙungiyar Black Mamas Matter Alliance ce ta fara shi a 2018, fadar shugaban ƙasar kuma ta amince da shi a hukumance a 2021. Abin da ya haifar da makon abin kunya ne ga ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya kashe kuɗi a kan kiwon lafiya.

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na shekarar 2023 sun nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata kimanin 50 ne ke rasa ransu sanadin ciki ko haihuwa. A ɓangaren fararen mata adadin bai kai 15 ba. Ninki uku ke nan da ɗoriya. Jarirai ma ba su tsira ba: a 2022, cikin jarirai 1,000 na baƙaƙen mata kusan 11 sun rasu kafin su cika shekara ɗaya, na fararen mata kuwa ba su kai 5 ba. Hukumar ta kuma gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mace-macen masu ciki da masu jego ana iya kauce musu.

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa zai iya cewa ina ruwanmu, tunda a nan gida cikin kowace haihuwa 100,000 ɗaruruwan mata muke binnewa. Gaskiya ne namu ya fi muni nesa ba kusa ba. Sai dai ƴan uwanmu mata suna haihuwa a can. Akwai ƴan Nijar da dama a unguwar Bronx ta birnin New York da garin Greensboro na jihar North Carolina, ga waɗanda ke Faransa da Beljiyam da Ingila. Ranar da ƙanwarka ko matarka ta shiga ɗakin naƙuda a can, babu mai tambayarta ko daga Damagaram ta fito ko daga Alabama. Baƙar mace ake gani. Matsalar kuma ba ta tsaya a Amurka ba. A Faransa, binciken ƙasa kan mace-macen masu haihuwa ya nuna cewa matan da aka haifa a Afirka kudu da Sahara suna fuskantar haɗarin da ya kai kusan ninki uku na matan da aka haifa a Faransa. A Ingila rahotannin MBRRACE sun yi shekaru suna nuna irin wannan tazarar.

Bayanin da aka fi saurin kawowa shi ne talauci. Talauci na da nasa kaso, amma bai isa bayani ba. Binciken CDC na shekarun 2007 zuwa 2016 ya nuna cewa baƙar mace mai digirin jami'a ta fi farar macen da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa wajen haihuwa. Shalon Irving ma'aikaciyar bincike ce a ita kanta CDC, mai digirin digirgir, kuma aikinta shi ne nazarin rashin daidaito a kiwon lafiya. Bayan ta haihu a watan Janairun 2017 ta yi ta komawa wurin ma'aikatan lafiya da kumburi da ciwon kai da hawan jini, ana sallamarta. Makonni uku da haihuwa ta yanke jiki ta faɗi, ta rasu tana da shekara 36.

A cikin shekarar ce Serena Williams, wadda ta ci manyan kofunan tanis 23, ta haihu ta hanyar tiyata. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san jikinta, domin ta taɓa fama da daskarewar jini a huhu, sai ta nemi a yi mata hoton ƙirji a ba ta maganin tsinka jini. Ta ba da labarin cewa ma'aikaciyar jinyar ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Da ta nace aka yi hoton, aka iske gudajen jini a huhunta. Idan sai da Serena ta yi jayayya kafin a duba ta, yaya ke nan ga yarinyar da ta sauka daga jirgi bara, ba ta jin Ingilishi?

Wasu kuma na cewa abin a jini yake. Wani bincike da aka buga a 1997 kan haihuwa a jihar Illinois ya rushe wannan zance. An gano cewa nauyin jariran matan da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura zuwa Amurka ya fi kusa da na jariran fararen mata, fiye da na baƙaƙen da aka haifa a Amurka. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wannan fifikon yana zaizayewa a wurin ƴaƴansu mata da suka tashi a can. Jinin bai sauya ba, zaman ne ke cin jiki: wariya, fargaba, unguwannin da ba su da asibitin kirki, aikin da ba hutu. Wannan gargaɗi ne ga duk ɗan ci-ranin da ke renon ɗiya mace a ƙasar.

Rashin sauraren yana da tarihi. A shekarun 1840 a garin Montgomery na jihar Alabama, likita J. Marion Sims ya koyi ɗinkin yoyon fitsari, cutar da muka sani sarai a Nijar, a jikin bayi mata ba tare da maganin kashe zafi ba. Tarihi ya riƙe sunayen uku: Anarcha, Betsey da Lucy. Anarcha kaɗai an yi mata aiki kusan sau 30. Sai a 2018 aka cire mutum-mutuminsa daga dandalin Central Park na New York. Tunanin cewa baƙar fata ba ya jin zafi kamar kowa bai mutu tare da shi ba. A 2016 masu bincike a jami'ar Virginia sun tambayi ɗaliban likitanci da sababbin likitoci fararen fata, kusan rabinsu suka gaskata aƙalla ƙarya ɗaya irin ta cewa fatar baƙi ta fi kauri. Hatta ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iska a jini, binciken jami'ar Michigan na 2020 ya nuna ta fi yin kuskure a kan baƙar fata.

A nan ne tarbiyyarmu ke iya zama tarko. An koya wa ɗiyar Bahaushe dauriya, an gaya mata kukan naƙuda abin gori ne, musamman a haihuwar fari. An koya mata kada ta musa wa babba, balle likita. A gida wannan kunyar tana da masu rufa mata baya: uwa ko gwaggo na nan har a yi arba'in, kuma idon tsohuwa na ganin kumburin fuska kafin mai jego ta buɗe baki. A can kuwa kwana biyu ko uku ake sallamar mace, miji ya koma tuƙin tasi ko aikin dare, ta zauna ita kaɗai da jariri a ɗaki. Amurka ba ta da dokar tarayya da ta tilasta biyan albashi a hutun haihuwa. Alƙaluman CDC kuma sun nuna fiye da rabin mace-macen suna faruwa ne daga mako ɗaya bayan haihuwa zuwa shekara guda. Mace mai shiru ta haɗu da asibitin da ba ya saurare, sakamakon a bayyane yake.

Saboda haka muke kira ga ƴan uwanmu da ke waje. Ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, zubar jini mai yawa, zazzaɓi, kumburin ƙafa ɗaya da zafi, ko jaririn ciki ya rage motsi: kowane ɗaya dalili ne na zuwa asibiti nan take, a lokacin ciki da kuma bayan haihuwa. Na'urar auna hawan jini ba ta da tsada, a ajiye ta a gida. Idan ta nuna 160 a sama ko 110 a ƙasa, a kira 911 a Amurka, 15 a Faransa, 112 a sauran Turai. Kada mace ta je awo ko naƙuda ita kaɗai. Miji ko ƴar uwa su bi ta, su yi tambaya, su maimaita. Idan an ƙi yin wani gwaji, a nemi a rubuta ƙin a takardar asibiti.

A kuma san haƙƙi. Dokar Amurka ta 1986 ta hana sashen gaggawa na asibiti korar mace mai naƙuda saboda rashin kuɗi ko takardun zama. Asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne su samar da tafinta kyauta. Mafi yawan jihohi sun tsawaita inshorar Medicaid ta masu jego daga kwana 60 zuwa wata 12. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje sun iya haɗa kuɗin mayar da gawa gida cikin kwana biyu. Su ware kaɗan daga wannan himmar su tsara matan da za su riƙa raka masu ciki asibiti, suna leƙa masu jego har a yi arba'in.

Mu na gida kuma kada mu tsaya ga tsine wa wariyar Turawa. A ɗakunan haihuwarmu ba launin fata ke raba mata ba, amma matar ƙauye da ba ta jin Faransanci ta san yadda ake tsawa a kanta idan ta ce ciwon ya yi yawa. Matasan da ke karatun likita da ungozoma a Yamai, Maraɗi da Damagaram su ɗauki darasin tun yanzu: kafin na'ura ta nuna komai, mai ciwon ta riga ta faɗa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A ɗakin haihuwa, kunnen ma'aikaci ne ke tsirar da jikin uwa da na jaririnta.