Daga Allon Malam: Ido Ba Mudu Ba, Balle a Cikin Kwamfuta

 

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Wannan magana gaskiya ce a wurin mai awon gero da mai yankan yadi a Kasuwar Congo. To amma akwai wurin da ido bai san kima ba ko kaɗan, wato cikin kwamfuta. Abin da ya faru da mu a nan New Bell shi ya sa muka ɗauko wannan zance.

Wani ɗalibinmu ya rubuta wa kawunsa, mai sayar da atamfa, wata 'yar manhaja da harshen Python domin ajiye sunayen masu bashi. Da farko abin ya tafi sumul, amma da sunaye suka yi yawa sai ta fara jan ƙafa, har mai saye ya gaji da tsayuwa. Alhaji ya yanke hukunci cewa kwamfutar ce ta tsufa, ya shirya sayen sabuwa da kuɗin da ya ware na makarantar yara. Shi kuwa yaron da abokinsa suka shiga gardama: ɗaya ya ce hanyar neman sunan ce ba ta da kyau, ɗayan ya ce ba haka ba ne. Suka ɗauko agogon waya suna dannawa, kowa na samun lambar da ta goyi bayansa.

Da suka kawo mana ƙara, sai muka ce musu su ajiye wayar nan. Yatsan mutum ba ya iya kamo abin da kwamfuta ke yi, domin tana aikata dubban miliyoyin ƙananan ayyuka cikin daƙiƙa guda. Marigayiya Grace Hopper, masaniyar kwamfuta ta sojan ruwan Amurka wadda ta rasu a 1992, takan raba wa masu sauraronta guntun waya mai tsawon kusan santimita 30, ta bayyana musu cewa iyakar tafiyar da haske zai yi ke nan cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Duk telan da ke unguwarmu ya san santimita 30 ba wani tsawo ba ne. To da irin wannan lokaci ake ciniki a cikin kwamfuta.

Maganin abin yana cikin Python ɗin kansa, ba sai an saya ba. Tun 2003 aka sa masa wani ma'auni mai suna timeit. Kana ba shi guntun aikin da kake son aunawa, sai ya maimaita shi sau da yawa, ya faɗa maka jimillar daƙiƙun da aka ci. In ba ka faɗi adadi ba, sau 1,000,000 zai maimaita; saboda haka in aikin mai nauyi ne, sai ka rage masa, misali ka rubuta number=1000, sa'an nan ka raba jimillar gida 1,000. Dabarar tsohuwa ce: ba a auna kaurin takarda guda, sai a auna bandir a raba. Akwai kuma timeit.repeat, wanda ke sake awon gaba ɗaya har zagaye 5, kuma shawarar masu Python ita ce a dubi lamba mafi ƙanƙanta, domin manyan lambobin yawanci wasu manhajoji ne suka tsoma baki a lokacin. Idan kuwa dogon aiki ne, akwai time.perf_counter da ya zo a 2012: ka karanta shi kafin aiki, ka karanta bayan aiki, ka ɗebe na farko daga na biyu.

Muka fara da gardamarsu. Mai bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, in sunaye 1,000 ne, yana iya duba dukansu kafin ya dace. Wanda ya jera su bisa haruffa yana raba jerin biyu kowane mataki, kamar mai neman kalma a ƙamus, ba zai wuce mataki 10 ba. Ko da sunaye miliyan ne, mataki 20 sun ishe shi. Awo ya nuna hanya ta biyu ta fi sauri, babu shakka. Amma ga abin mamaki: ko hanyar farko ma tana gamawa kafin ƙiftawar ido. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Da muka auna sauran sassan ɗaya ɗaya, sai muka gano manhajar tana sake buɗe littafin bashin tun daga farko, tana karanto shi duka daga tsohon faifai, duk lokacin da aka nemi suna guda. Aka gyara ta riƙa karantawa sau ɗaya da safe. Jan ƙafa ya ƙare, kuɗin makaranta suka koma inda aka nufe su.

Tun 1974 Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya gargaɗi masu rubuta manhaja cewa sukan ɓata ƙarfinsu wajen gaggauta sashen da ba shi ne matsalar ba, kuma hasashensu kan inda jinkiri yake yakan saɓa wa abin da awo ke nunawa. Yaranmu sun tabbatar da haka da idonsu.

Saboda haka muna kira ga matasanmu masu koyon wannan sana'a, a lise ko a Jami'ar Duwala, su riƙe abu uku. Na ɗaya, a auna kafin a gyara. Na biyu, a auna a kan kwamfutar da za ta yi aikin, da yawan bayanan da za ta ɗauka a gaske, ba sunaye 20 na gwaji ba. Na uku, a sake awo bayan gyara, a rubuta lambobin biyu. Ku kuma iyayenmu 'yan kasuwa, duk wanda ya ce muku na'ura ta mutu a sayi sabuwa, ku tambaye shi: ka auna? Ku da ba ku karɓar yadi sai an ɗora masa awo, kada ku karɓi wannan da baki kawai. Gani ya kori ji.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.