Labari Hutu Ne, Amma Da Lokacinsa

Edita,

Ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in mai da martani ga masu cewa kallon fim da karatun littattafan soyayya gudun gaskiya ne kawai.

Jama'a, ku tuna ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadama tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Manomin da ruwa ya tafi da gonarsa, ga bashi a wuya, in ya saurari labari da dare ya samu barci, laifin me ya yi? Ko a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, 1937, ai da labari aku ya riƙe Musa ɗan sarki a gida har ya tsira daga makircin waziri.

Inda gizo ke saƙa shi ne yaro ya kwana kallon fim a waya, gari ya waye uba shi kaɗai a gona. Kakanninmu bayan tuwon dare suke tatsuniya, ba da hantsi ba.

Don haka iyaye, kada ku hana, ku tsayar da lokaci. Allah Ya sa mu gane.

Naka,
Wani manomi,
Ambursa, Jihar Kebbi.