Ka ƙidaya harawa kafin ka ƙidaya tumaki

Ɗan'uwa manomi, tumaki nawa gare ka? Na san ka san amsa. To, damin harawa nawa gare ka bisa rumfa? Nan ne mutane da yawa suke yin shiru.

Ni a ganina, tambaya ta biyu ita ce babba. Tunda yanzu ka iya lissafi, ɗauko alli mu yi tare. Babbar tunkiya tana cin wajen kilo 1 na busasshen haki kowace rana. Rani a ƙasarmu wata 8 ne, wani wuri ma ya fi. Kwana 240 ke nan. Tunkiya guda, kilo 240. In goma gare ka, kilo 2400. Ina za ka samo shi?

Za ka ce da ni: "Malam, ai daji na nan." Wane daji? Gonaki sun cinye shi. Ɗan makiyayar da ta rage bayan gari, je ka duba. Inda da akwai gamba da kyasuwa da gadagi, yau garmani ne ya rufe, kuma bisashe ba su son shi. Mu muka jawo haka. Ruwan farko na sauka, mu saki bisashe su cinye tsiro tun yana ƙarami. Hakin kirki bai samu ya yi iri ba. Da rani kuma a bi da manjagara a kwashe busasshen, a kai birni bisa amalanke. Ƙasa ta zauna tsirara, iska ya tafi da sauran irin. Abin da dabba ta ƙi ci, shi kaɗai ke samun zuba ƴaƴa.

Shi ya sa nike cewa gari ya zauna, da mai gari da Fulani da mata masu tumaki, a raba makiyaya biyu. Gefe guda a bar shi ya huta har haki ya zuba iri, baɗi a juya. Burtali kuwa kar a noma shi. Dokar karkara ta 1993 ta kare shi, kuma rigimar da ke biyo bayan toshe shi ta fi buhun hatsin da za ka samu.

Gonarka ma makiyaya ce. Ka cire harawa tun tana da ganye kore, ka ajiye ta cikin inuwa, don rana na cinye amfaninta. Kar ka sare gawo. Ƴaƴansa na faɗowa da rani, lokacin da babu komi. Ka ɗaure tumaki su kwana gona, kana gusa turke, su bar maka taki.

Na san tunkiya ita ce asusun talaka, ba a son rage ta. Amma tambayi tsofaffi abin da ya faru a 1984. Wanda ya riƙe bisashe da yawa ba cimaka, fata ya sayar. In lissafinka ya nuna harawar tumaki shida gare ka, sayar da huɗu tun da kaka, suna da nama a jiki, ko ka turke rago don kasuwar Layya. Ramammiyar tunkiya ba ta da nonon da zai ishi ɗanta, kuma in bazara ta yi tsawo, ita ce ta farkon kwantawa.